Ƙwarya Arba'in

Ranar Litinin da misalin ƙarfe tara na safe aka kawo rahoton. Sufeto Obadiya Irmiya na zaune a ofishinsa yana ɓarar dafaffiyar gyaɗa, sai Sajan Kande ta leƙo ta ce an yi sata a kwalejin koyon kasuwanci da ke kan hanyar Chaza.

"Me aka ɗauka?"

"Kwamfuta ɗaya, Oga, da littattafan rubutu guda tara."

"Littattafai?" Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. "Ashe ɓarayin Suleja sun shiga makaranta. Miƙo min hulata."

Shekararsa ashirin da huɗu a aikin ɗan sanda. Mutum ne mai sanyin tafiya da sanyin magana, wanda bai san shi ba sai ya ɗauka barci yake ji. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi masa wannan kallon suna gidan yari yanzu.

Ofishin da aka shiga yana hawa na biyu, a Sashen Saye da Jigilar Kaya. Sufeto ya duƙa a bakin ƙofa, gwiwarsa ta yi ƙara kamar yadda ta saba. An kankare katakon da ke gefen kuba da wani ƙarfe, amma kubar kanta lafiyarta lau.

"Da makulli aka buɗe," in ji shi. "Wannan kankarar don mu aka yi ta."

A ciki ga sabuwar firinta a kan tebur, ga na'urar haska darasi a cikin jakarta, ba a taɓa su ba. Ɓarawon da ya san kasuwa ba zai tsallake waɗannan ya rungumi takarda ba.

Kande ce ta ga ɗigon. Shuɗin fenti ne, ɗigo ɗaya a bakin ƙofa, wani a kan matakala, wani a ƙasan barandar. Suka bi shi har filin ajiye motocin malamai, a nan ya ƙare.

Mai ofishin, Malama Rahama Zakari, tana zaune a benci a baranda ta haɗa hannu biyu. Za ta yi shekara arba'in. Ba ta kuka, amma ko makaho ya ji muryarta ya san ta riga ta yi.

"Malama, mene ne a cikin littattafan nan?"

"Aikina na shekara huɗu, Yallaɓai."

"Ki yi min bayani kamar ban yi makaranta ba."

Ta ce shekararta goma sha ɗaya tana koyar da yadda kaya ke tafiya daga hannun mai samar da su zuwa hannun mai saye. Da ta gaji da karanta wa ɗalibai misalan ƙasashen da ba su taɓa gani ba, sai ta shiga binciken doya. Lokacin haƙa takan je gonakin ƙauyukan Gawu Babangida, ta ɗiga wa doya shuɗin fenti, ta bi ta daga manomi zuwa dillali, daga dillali zuwa mai mota, ta Lambata, ta Dikko, har kasuwar Suleja. Tana so ta san kwana nawa doyar ke yi a hanya, hannu nawa take bi, da nawa ke ruɓewa kafin ta isa tukunya.

"Ta yaya ba ta ɓace miki?"

"Ba na tambayar mutum inda kaya suka ƙare, don bai sani ba. Abu biyu nake tambaya: wa ya ba ka, wa ka ba."

Sufeto ya ciro biro ya rubuta wannan a bayan hannunsa.

Littattafan suna cikin buhun da take zuwa daji da shi, tare da gwangwanin fentin, wanda murfinsa ba ya kamawa sosai. Ɓarawon ya saɓa buhun gaba ɗaya, ya haɗa da jakar kwamfuta.

"To, aiki ya ɓata, ba daɗi. Amma na ga kamar abin ya fi haka."

Sai ta buɗe jaka ta miƙa masa takarda, kwafin wani koke. Ta nemi ƙarin girma da wannan binciken. Mako biyu da suka wuce wani ya aika wa shugaban kwaleji koke ba sa hannu, yana cewa a ɗaki ta zauna ta ƙirƙiri alƙaluman. An kafa kwamiti. Ranar Alhamis da ƙarfe goma za ta kawo ainihin littattafan, masu sunayen manoma da dangwalen yatsunsu. In ba ta kawo ba, kora ce.

"Kuma wadda aka kora da sunan ƙarya a bincike, babu makarantar da za ta sake ɗaukarta," in ji ta. "Ba ni da wata sana'a, Yallaɓai. Wannan na iya."

Sufeto ya karanta koken a hankali. Da Turanci aka buga shi. Da ya zo sakin layi na uku sai ya tsaya, ya sake karantawa, kafaɗunsa suka fara girgiza. Kande ta harare shi, don wurin ba na dariya ba ne.

Marubucin ya ce Malama ta yi iƙirarin bin doya dubu huɗu, alhali ita da kanta ta rubuta cewa ƙwarya arba'in ta saka wa fenti. Ya ma yi wa shugaban kwaleji fassara, ya ce ƙwarya ita ce wadda ake dama fura a ciki, wadda ba ta cin doya fiye da uku ko huɗu.

Shi kuwa Obadiya ɗan manomin doya ne, a ƙauyen da bai fi tafiyar awa ɗaya a ƙasa daga Gawu ba. Tun bai iya ɗaura wando ba ya san cewa a bakin masu doya, ƙwarya ba mazubi ba ce, ƙidaya ce. In an ce ƙwarya ɗaya, ana nufin doya guda ɗari.

"Na ga shirmen," in ji Malama Rahama. "Zan iya bayaninsa. Amma sauran zargin sai da littattafan."

"Dakata. A rahoton da kika buga kika ba kwaleji, kin rubuta ƙwarya?"

"A'a. Dubu huɗu na rubuta."

"To a ina kalmar take?"

"A littafina na uku. A can nakan rubuta yadda manoma suka faɗa." Sai yanzu ta ji abin da bakinta ya faɗa.

"Wa ya ga wannan koken?"

"Ni da shugaban kwaleji. Sai ranar Alhamis za a karanta wa kwamiti."

A matakala Sufeto ya ce wa Kande, "Wanda ya rubuta koken ya taɓa buɗe littattafanta a ɓoye. Yana jin Hausa, amma bai taɓa tsayawa a kasuwar doya ba. Shi muke nema."

Shugaban sashen, Dakta Suhaibu Abdullahi, ya karɓe su a tsaye, da fara'a. Dattijo ne tsaf-tsaf, farar shadda, tabarau mai siririn ƙarfe. Ɗan babban ma'aikacin gwamnati ne, a gidajen gwamnati na Legas ya tashi, Hausarsa rabi Turanci. Ofishinsa cike da manyan littattafai, yana ƙamshin turaren fesawa. A ƙarƙashin turaren hancin Sufeto ya tsinci warin kananzir.

"Abin ya dame ni ƙwarai," in ji Dakta. "Rahama ɗalibata ce. Ni na koyar da ita, ni na kawo ta sashen nan."

"Ranka ya daɗe, ka taɓa duba littattafan?"

"Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ba ta barin kowa ya taɓa."

"Koken fa?"

"Na ji labarinsa. Ina cikin kwamitin, amma ba a nuna mana ba tukuna."

"Jiya Lahadi kana ina?"

"Minna, wurin ɗaurin aure. Tun da safe na tafi, sai bayan magariba na dawo. Ka ga ma wahalar hanyar ce ta sa motar ta kwanta, tana wurin bakanikena, Ayobami. Yau a Keke na zo."

"Wa kake zargi?"

Dakta ya cire tabarau ya goge. "Ba na son ɓata sunan mutum. Amma kujerar ƙarin girman guda ɗaya ce, su biyu suka nema. Ita da Mista Vincent. Kowa ya ji faɗan da suka yi a taron sashe watan jiya."

Mutanen da ba sa son ɓata sunan mutum, Sufeto ya lura, su ne suka fi saurin tuna sunan.

Kafin su nemi Mista Vincent suka tsaya wurin maigadi. Littafinsa na shiga da fita ya nuna mota ɗaya ranar Lahadi: ta Vincent, daga sha ɗaya zuwa biyu.

"Ita kaɗai ta shigo?"

Maigadi ya sosa ƙeya. "Ita kaɗai aka rubuta, Yallaɓai. Ai ba a tsayar da manya a ce su rubuta suna."

"Wane babba ne ya shigo?"

"Na je alwala," in ji maigadi, idonsa a kan takalminsa.

Mista Vincent gajere ne kakkaura, ɗan Binuwai, mai saurin fushi. Yana cikin aji suka fito da shi, hannunsa duk alli.

"Jiya kana ina?"

"Coci, daga nan gida."

Sufeto ya buɗe masa littafin maigadi. Vincent ya dubi sunansa, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"To, na zo. Amma ban hau sama ba."

"Me ka zo yi?"

Da ƙyar ya faɗa. Yana koyar da wasu ɗaliban ƙarshen mako darasi na musamman a wani aji da ke bayan ɗakin karatu, abin da kwaleji ta hana. In aka ji, shi ma takardar gargaɗi ce.

"Kun yi faɗa da Malama Rahama."

"Mun yi. Na ce mata doyar Gawu ba ta kai ta garinmu ba, binciken da ta yi da can ta yi shi. Ta ce in je in yi nawa. Oga, ina son kujerar nan, ba zan ɓoye ba. Amma matar ta yi aiki. Na ga ƙafarta da taɓo har gwiwa."

Sufeto ya gyara tsayuwa kamar an gama. "Af, tun da kai ɗan gida ne. Ina da bikin ƙanwata, an ce in kawo ƙwaryar doya. A jaka zan ɗauko?"

Vincent ya manta da tsoro ya fashe da dariya. "Jaka? Doya ɗari? Sai dai ka nemi a-kori-kura."

"Na gode. Da ka zo jiya, motar wa ka gani?"

Dariyar ta ɗauke. Ya duba hagu da dama. "Da zan fita sayen ruwa wajen sha biyu, na ga mota ruwan toka a filin malamai, but ɗinta a buɗe. Ban ga mai ita ba. Amma mutum ɗaya ke da irinta a nan. In na faɗa tun farko, sai a tambaye ni me ya kawo ni."

Ranar Talata suka koma wurin sakatariyar sashen, Madam Chinelo, wadda ke riƙe da makullan ko-ta-kwana na kowane ofishi. A Suleja aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa.

"Makullin bai taɓa barin aljihun teburina ba," in ji ta, tun ba a gama tambayar ba.

Kande ta ja kujera ta zauna kusa da ita. "'Yar'uwa, da makulli aka buɗe ƙofar. Makulli biyu ne a duniya, na Malama da naki. In bai bar hannunki ba, to ke kika buɗe. Kin ga motarmu a waje."

Madam Chinelo ta yi tsuru-tsuru. Saura shekara uku ta yi ritaya, ba ta shirya kwanan caji ofis saboda kowa ba.

"Tambaya biyu kawai," in ji Sufeto, yana duba bayan hannunsa. "Wa kika ba, wa ya dawo miki da shi?"

"Oga Dakta. Ranar Juma'a ya ce zai duba yoyon rufi a ofisoshi, ya karɓi damin gaba ɗaya. Jiya da sassafe ya dawo da su, ya ce kada in ɗaga maganar don kada a zarge ni da sakaci."

"Wannan ne karo na farko?"

Ta sunkuyar da kai. "Bara ma ya karɓa, sau biyu, lokacin da Malama ta tafi haihuwa."

A mota Kande ta ce, "Mu kama shi kawai, Oga."

"Mu kama shi, ya ce rufi ya duba, lauyansa ya fitar da shi kafin la'asar, littattafan kuma su sha wuta. Ba mutumin nake nema ba tukuna. Buhun nake nema, kuma kafin Alhamis."

Ranar Laraba suka nufi garejin Ayobami. Suka same shi kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar bas, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Motar Dakta Suhaibu tana nan?"

Ya turo kansa waje. "Motar Dokita? Wata biyu rabona da ita. Lafiyarta ƙalau, ni na san aikina."

"Bai kira ka ba?"

"Ya kira ranar Lahadi, bayan azahar. Ya ce me ke fitar da fentin mai daga shimfiɗar but. Na ce kananzir, in ya ƙi ya kai wa masu wankin mota na Hashimi, kusa da gada."

A Hashimi motar na tsaye a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ruwan toka, an wanke ta tana ƙyalli. Mai wurin ya ce tun ranar Lahadi kafin la'asar mai ita ya kawo ta da kansa. Wanda yake Minna wurin ɗaurin aure har magariba ke nan.

An shanya shimfiɗar but ɗin a kan katanga. Sun zuba mata kananzir, sun goga, sun sake gogawa. Tabon na nan a tsakiya, shuɗi, da faɗin faranti.

"Da kaya a ciki lokacin da ya kawo?"

"Babu, Yallaɓai. Wayam."

Sufeto ya naɗe shimfiɗar, ya sa mai wurin ya ba da bayani a rubuce. Da ya kai ta hanci sai ya tuna inda ya ji wannan warin ranar Litinin, a ƙarƙashin turare. Daga nan kotu ya wuce ya karɓi takardar izinin bincike. A hanyar gida ya ce wa matarsa ta waya ta fito masa da ƙwaryarta ta tankaɗe.

Ranar Alhamis, ƙarfe tara da kwata, ya roƙi shugaban kwaleji ya sauko ofishin Dakta Suhaibu na minti goma. Ya sa aka kira Malama Rahama da Mista Vincent. Malama ta shigo hannu rabbana, ba ta da abin da za ta kai wa kwamiti, fuskarta ta faɗa kamar wadda ta tashi daga ciwo.

Sufeto ya ajiye ƙwaryar matarsa a kan teburin Dakta, a tsakiyar manyan littattafai.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Dakta.

"Taimako nake nema, ranka ya daɗe. Amma tukuna, don in rubuta daidai. Ka ce ba ka taɓa buɗe littattafan Malama ba."

"Na faɗa maka."

"Koken ma ba ka gani ba."

"Ban gani ba."

Shugaban kwaleji ya gyaɗa kai. "Yana kulle a ofishina."

"Madalla. To kai ne masanin tafiyar kaya a nan, shekara nawa ma?"

"Ashirin da biyu."

"Ni ɗan sanda ne, lissafi ba nawa ba ne. In manomi ya ce ya sayar da ƙwaryar doya, doya nawa ke nan?"

Dakta ya dubi ƙwaryar, ya ɗan yi murmushin malami ga ɗalibi mai nauyin kai. "Ya danganta da girman doyar. Wannan dai uku za ta ci, in ƙanana ne huɗu."

Vincent ya toshe baki da hannu. Shugaban kwaleji, wanda duk kaka yakan aika a sayo masa doya a Lambata, ya ɗago kai ya dubi Dakta.

"Ka tabbata?" in ji Sufeto. "Don Malama ta ce lissafinta daidai ne."

Dariyar Vincent ce ta harzuƙa shi. "Daidai a ina? Ko ƙaramin yaro ya san ƙwarya arba'in ba za ta ba da doya dubu huɗu ba."

Sufeto ya dube shi.

"Wa ya ce arba'in, Dakta?"

Sufeto ya matso kusa da tebur.

"Ni ban faɗa ba. A rahoton Malama babu ita. Wuri biyu kawai take: a littafinta na uku, da cikin koken. Ka ce duka biyun ba ka gani ba."

"Na ji ne a bakin mutane."

"To bari in ƙarasa maka karatun. A kasuwar doya, ƙwarya ɗari ce. Ba a zuba doya a cikin komai, ƙirga ta ake yi. Ƙwarya arba'in, doya dubu huɗu cif. Ubana da bai san bihim ba ya san wannan."

Sufeto ya ga lokacin da lissafin ya shiga. Leɓen Dakta ya motsa, arba'in sau ɗari, sai ya zauna a kujera ba tare da ya duba bayansa ba.

Kande ta warware shimfiɗar but a ƙasa, shuɗin tabon a sama. Ta karanto bayanin Madam Chinelo, da na Ayobami, da na mai wankin mota. Sufeto ya ajiye takardar kotu a gefen ƙwaryar.

"Kabad ɗin da ke bayanka, ranka ya daɗe. Ko ka buɗe, ko mu buɗe."

Dakta da kansa ya ciro makullin. A ƙasan kabad, ƙarƙashin tsofaffin takardun jarrabawa, ga kwali. A ciki ga kwamfuta, ga littattafai tara, gefensu ya sha shuɗin fenti, suna warin kananzir. Matar Dakta ce ta dame shi da tambayar warin a gida, shi ya sa ya ɗauko su a Keke ranar Litinin.

Malama Rahama ta durƙusa ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Fentin gefe ya ci, rubutun na nan, dangwalen yatsun manoma na nan. Sai a lokacin hawaye ya zubo mata.

"Me ya sa?" in ji shugaban kwaleji.

Dakta ya yi magana idonsa a kan tebur. Bara, da Malama ta tafi haihuwa, ya ɗauki hoton shafukan littattafan. Ya rubuta maƙala da su, ya canza sunayen garuruwa, ya aika wata mujalla a ƙasar waje da sunansa shi kaɗai, an karɓa. In rahotonta ya fito, kowa zai gane daga ina ya samo. Da ya ga maganar ƙwarya sai ya ɗauka ya kama ta da ƙari, ya ce Allah ya ba shi sanda. Littattafan kuma bai ƙona ba don yana buƙatarsu, bai gama maƙala ta biyu ba.

"Shekara ashirin da biyu ina koyar da abin da wasu suka rubuta," in ji shi. "Saura shekara biyu in tafi, ba ni da abu ɗaya da za a ce nawa ne."

Malama Rahama ta miƙe, littattafan a ƙirjinta.

"Malam," ta ce. Haka take kiransa tun tana ɗaliba. "Sau uku na roƙe ka ka bi ni Gawu. Na farko ka ce rana, na biyu ka ce hanya ba kyau, na uku ka ce taro. Da ka je sau ɗaya, wallahi da sunanka ne a gaban nawa. Na ma bar wurinsa a shafin farko."

Ta buɗe littafi na ɗaya ta nuna masa. A saman shafin, da rubutunta na shekara huɗu da suka wuce, ga sunansa, da alamar tambaya a gefe.

Dakta ya cire tabarau. Wannan karon bai goge ba.

Kande ta ciro ankwa, Sufeto ya girgiza mata kai. Dattijon ba inda zai gudu. Suka sa shi a tsakiya suka sauka ta matakalar da ɗigon fentin ke kai har yanzu, ɗalibai na tsaye a baranda suna kallo.

A ƙa'ida littattafan kayan shaida ne, caji ofis ya kamata su tafi. Sufeto ya duba agogo, goma saura minti shida.

"Malama, ki shiga da su. Sajan za ta jira ki a ƙofa, in kun gama ta karɓa, ki sa hannu."

"Na gode, Yallaɓai."

"Ki gode wa murfin gwangwaninki."

Ya kai ƙasa sai ya tuna, ya aika Kande ta koma sama ta ɗauko ƙwaryar, don matarsa ta ce in bai dawo da ita ba kada ya sa ran tuwo. Daga inda yake tsaye ya hango Malama Rahama a ƙofar ɗakin taro. Ta gyara mayafinta da hannun da ya yi shuɗi, ta yi sallama, ta shiga.